Yadda ake gugguru a tukunyar gida

Wanda ya tashi da cin gugguru da gyaɗa tun a ƙofar makaranta da wuya ya daina sha'awarsa ko ya girma. Yin sa a gida bai kai minti 10 ba, amma yawancin masu gwadawa suna ƙarewa da rabi ƙonanne, rabi bai fashe ba. Matsalar kusan kullum daga ɗayan biyu take: masarar ko wutar.

Masarar tuwo da ta gashi ba sa yin gugguru mai kyau. A nemi masarar gugguru, ƙananan ƙwayoyi masu tauri da sheƙi. Ɓawonta ne yake riƙe ɗan ruwan da ke ciki, kimanin kashi 14 cikin 100, har zafi ya kai wajen digiri 180, tururi ya cika ƙwayar ta tarwatse. Don haka duk ƙwayar da ta tsage ko ƙwaro ya huda ba za ta fashe ba, a tsince ta. Haka ma wadda ta sha iskar hunturu a buɗe ta bushe ƙamas. Wannan tana da magani: a zuba gwangwanin madara ɗaya a kwalba, a sa ƙaramin cokali ɗaya na ruwa, a rufe, a riƙa girgizawa har kwana 2 ko 3. Kada a wanke ta, kada a jiƙa.

Ga awo na tukunya madaidaiciya: masara rabin gwangwanin madara, man gyaɗa babban cokali 2. Yana kama da kaɗan, amma idan ya tashi zai kusa cika tukunyar. Ita kuwa ta zama mai kaurin gindi, busasshiya, da murfi. Mai siririn gindi tana ƙona na ƙasa kafin na sama ya ji zafi.

A ɗora mai a matsakaiciyar wuta, a jefa ƙwaya 3, a rufe. Da sun fashe, mai ya yi. A sauke tukunyar, a juye sauran masarar ta baje a gindi ba tare da ta hau juna ba, a rufe, a ƙirga 30, sannan a mayar kan wuta. Wannan ɗan jiran ne sirrin aikin, domin ƙwayoyin suna ɗaukar zafi tare, sai su fashe kusan lokaci guda. Idan fashewa ta kankama, a kama tukunya da tsumma a riƙa girgizawa, a ɗan karkata murfi tururi ya fita. In an toshe shi ruf, tururin zai koma ya sa guggurun ya yi danƙo. Da zarar an ji tazarar daƙiƙa 2 zuwa 3 tsakanin fashewa, a sauke a juye a faranti nan take. Jiran ƙwayar ƙarshe shi ke jawo ƙauri.

Gugguru mai sukari ya fi son kulawa. Babban cokali 2 ya isa, a zuba shi tare da masarar bayan mai ya yi zafi, a rage wuta, hannu kuma kada ya huta da girgiza, don sukari na saurin ƙonewa ya yi ɗaci. A kiyaye, narkakken sukari yana ƙuna sosai. Madarar gari sai an sauke ake barbaɗawa. Gishiri ma haka, a daka shi ya yi laushi kamar gari, in ba haka ba zai zube ƙasan kwano. Yajin ƙuli yana dacewa ƙwarai da mai gishiri.

Bota tana ɗauke da ruwa kuma tana ƙonewa da wuri, ba a soya da ita. Mai son ƙamshi ya yi amfani da soyayyen man shanu, ko ya haɗa shi rabi da rabi da man gyaɗa.

Sai ya huce sarai a ƙulla a leda ko a rufe a roba, musamman da damina, lokacin da yake yin sanyi cikin 'yan sa'o'i. Kafin a miƙa wa yara a cire ƙwayoyin da ba su fashe ba saboda haƙori, kuma kada a ba yaron da bai kai shekara 4 ba, yana iya shaƙe shi.