Idan ɓarin jikin mutum ya shanye a gabanka: abin yi kafin a isa asibiti

Kawuna mai sayar da aya ne a babbar kasuwar Maradi. Wata asuba cikin hunturu, yana alwala a ƙofar ɗaki, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai kira inna, magana ta fito a cakuɗe kamar mai tuwo a baki. Aka ce iska ce ta buge shi. Aka shafa masa mai, aka yi hayaƙi, aka ɗura masa ruwa. Ni da nake aikin jinya a garin nan, sai bayan la'asar aka kira ni. Kawu ya rayu, amma har yau hannun nan a rataye yake.

Gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwarsa, wurin da jinin bai kai ba ya fara mutuwa. Likitoci na ce da wannan yankewar jini iskemiya, ciwon kuma a asibitocinmu AVC muke kiransa. A 2006 wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya lissafa cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ne ke mutuwa a kowane minti. Ka auna daga asuba zuwa la'asar.

Ga yadda za ka gane shi. Ka ce, "Baba, yaƙe haƙora in gani," ka duba ko baki ya karkace. Ka sa ya ɗaga hannu biyu kamar mai addu'a, ka ga ko ɗaya zai zube. Ka sa ya maimaita gajeriyar magana, kamar "yau ranar kasuwa ce". Ko ɗaya daga cikin ukun ya gaza, ya isa.

Nan take ka dubi agogon wayarka ka riƙe lokacin. Idan da ciwon ya tashi daga barci, ka riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe lafiya lau, ko da "bayan isha'i" ne kawai. Wannan ce tambayar farko da likita zai yi maka. Allurar alteplase mai narkar da gudan jini, binciken 1995 a Amurka ya nuna amfaninta cikin awa 3 na farko, wani na Turai a 2008 ya kai wa'adin awa 4 da rabi. Ba kowane asibiti ke da ita ba, amma ko babu ita, wanda aka kawo da wuri ana duba sukarinsa da numfashinsa, a kare abin da ya rage.

Inda muka fi yi wa ƴan'uwanmu illa, kuma da kyakkyawar niyya, shi ne baki. Kada a ba shi komai ya haɗiye: ruwa, kunu, rubutu ko ƙwaya. Sau da yawa maƙogwaro ma ya shanye, abin da aka ɗura sai ya bi hanyar huhu. Na sha ganin mutum ya tsallake bugun, kwana uku baya ciwon huhu ya kwantar da shi. Addu'a kam a yi ta, a tofa masa, amma a cikin mota ana tafiya.

Kada a ba shi asfirin a gida. Wani shanyewar ba toshewa ba ce, jijiya ce ta fashe, kuma binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon irin wannan ne. Ido ba ya bambance su, sai hoton sikana. Asfirin yana taimakon mai toshewa, mai fashewa kuwa ƙara masa zubar jini yake. Haka nan kada a yi gaggawar sauke tansiyo, wato hawan jini, da maganin maƙwabci, domin a awannin farko hawan nan ne ke tura jini zuwa wurin da ke jin ƙishi.

A kwantar da shi a gefe ɗaya saboda amai, a sassauta wuyan riga. A nemi mota ko adaidaita, ban da kabu-kabu, tunda ba zai iya riƙe kansa ba. A kwashi magungunan da yake sha a leda, a nufi babban asibitin da ke da sikana kai tsaye.

Daga baya inna ta faɗa mini cewa mako guda kafin nan hannun ya taɓa mutuwa na ɗan lokaci a rumfa, ya sake, kawu ya ce gajiya ce. Wannan gargaɗi ne, ranar ake zuwa asibiti. Binciken Peter Rothwell a Oxford a 2007 ya nuna fara magani nan da nan bayan irin wannan yana rage haɗarin babban bugu da kusan kashi 80 cikin 100.

Tansiyon kawu ranar da aka kai shi ya haura 20, kuma bai taɓa gwadawa ba. Yanzu duk Juma'a da na'urata nake zuwa gidan, in gwada manya kaf. Wanda nasa ya kai 14/9 sau biyu, ni da kaina nake raka shi wurin likita.