Yadda Za Ka Ci Gaba Da Yin Yoga Ko Kana Kan Hanya

Duk wanda ya saba yin yoga a gida, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi, ya san abin da tafiya take yi masa. Babu ɗakin da ya saba, barci ya rikice, ga gajiyar mota. Kwana biyu a haka sai mutum ya ce bari ya koma gida tukuna, daga nan kuma an bari ke nan. Galibi abin da ke jawo haka shi ne ɗora wa kai awa guda cur irin ta gida. A kan hanya minti 10 zuwa 15 sun wadatar, muddin kullum ake yi.

Mataki na farko: tsara abin da za ka yi tun kafin ka bar gida. Zaɓi motsi biyar ko shida da ka riga ka iya, ka haddace jerinsu, don kada ka dogara da bidiyo a inda babu intanet ko caji. Ga jerin da nake ganin ya fi dacewa da matafiyi. Ka fara da tsayuwa cak, ƙafafu a jere, kafaɗu a sake, wanda malaman Indiya, inda yoga ta samo asali, suke kira Tadasana. Sai ka durƙusa kan hannu da gwiwa, kana lanƙwasa baya sama da ƙasa tare da numfashi, sau goma. Sai ka ɗaga ƙugu sama, tafin hannu da ƙafa a ƙasa, ka riƙe na numfashi biyar. Daga nan ka zauna kan dugadugai, ka kifa goshi ƙasa, hannaye a miƙe gaba. Sunansa Balasana, kuma yana sassauta ƙugun da ya sha zama. Ka rufe da kwanciya rigingine na minti biyu, ba motsi.

Mataki na biyu: abin shimfiɗa. Tabarmar yoga ta gida kaurinta yakan kai milimita 4 zuwa 6, ga nauyi ga cin wuri. Akwai ta tafiya mai kaurin milimita 1 zuwa 2, wadda ake ninkewa a sa cikin jaka. In babu, babban tawul a kan kafet ya isa. Kada ka shimfiɗa shi kan tayil, santsi zai kwashe ka. Dardumar sallah kuwa a bar ta ga aikinta.

Mataki na uku, kuma a ganina shi ne ginshiƙin komai: ɗaura yogar a jikin wani abu da ba ka fashinsa ko ina kake. Bayan sallar asuba ya fi, domin ciki babu komai, gari bai yi zafi ba, kuma wanda ka je wurinsa bai fara nemanka ba. Idan ka ce sai da yamma, hidimar biki ko taro ko kasuwa za ta cinye lokacin. In asuba ta kuɓuce maka, ka yi kafin barci, amma ka bari awa biyu zuwa uku su wuce bayan cin abinci mai nauyi. Wanda ya tsallaka ƙasashe masu bambancin lokaci ya bi agogon inda ya sauka, ya fita ya sha hasken rana, jiki zai fi saurin daidaita barcinsa.

Mataki na huɗu: kada ka jira sai ka sauka. Mai hawa bas daga Kano zuwa Legas yana wuni, wani sa'in ya kwana a zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana ninkawa idan tafiyar zaune ta kai awa huɗu ko fiye, a jirgi ne ko a mota. Don haka daga kujerarka ka riƙa juya idon sawu, kana ɗaga dugadugai kana saukewa, kana juya wuya da kafaɗu a hankali. Duk inda direba ya tsaya, sauka ka taka, ka dafa bango ka miƙe sharaɓa. Ka riƙa shan ruwa. Numfashi ma yoga ne: shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, fitar kana ƙirga shida, na minti uku. Ba wanda zai ma lura.

Mataki na biyar: daren da ka isa masauki, kada ka matsa wa jiki. Kwanta kusa da bango, ka jingina ƙafafu sama a jikinsa na minti biyar, nauyin da ya taru a sawu zai ragu. Idan ɗaki ɗaya kake da mutane kuma kana jin nauyi, ka gaya musu kai tsaye cewa miƙe jiki kake yi saboda baya. Da yawa za su ce ka koya musu.

Akwai inda ya kamata a dakata. Mai hawan jini ko ciwon hawan jinin ido (gilakoma) ya nemi shawarar likita kafin duk motsin da kai ke komawa ƙasa da ƙirji, haka ma mai juna biyu. Idan kuwa bayan doguwar tafiya ka ga ƙafa ɗaya ta kumbura, tana zafi tana ciwo, kada ka matsa ta, kada ka miƙe ta. Ka tafi asibiti a ranar, musamman idan numfashi ya fara yi maka wuya.