Darasi na 9: Zaƙin da Ake Sa wa a Madadin Sukari

Cokalin shayi ɗaya na sukari yana da nauyin gram 4. Kowane gram yana ba jiki kalori 4, wato ƙarfin da abinci ke bayarwa. Wanda ya zuba cokali uku a kofin shayinsa ya sha kalori 48 ke nan, tun bai taɓa burodi ba. Abin da jiki bai ƙona ba, kitse yake zama.

Shi ya sa masu son rage ƙiba suke neman wani zaƙin. Idan kuka duba bayan kwalin cingam, ko alewar da aka ce babu sukari a cikinta, ko man goge baki, za ku ga sunaye masu ƙarewa da "ol": sorbitol, xylitol, maltitol, erythritol. Turawa suna kiran su "sugar alcohol". Kada sunan ya tayar muku da hankali. Babu giya a cikinsu, ba sa sa maye ko kaɗan. Akwai sorbitol a cikin tuffa tun daga bishiya, xylitol kuwa har daga totuwar masara ake yin sa.

To, suna rage ƙiba? Mu yi lissafi tare. Xylitol zaƙinsa ɗaya da na sukari, amma gram ɗinsa kalori 2.4 ne. Cokali ukun nan zai ba ka kamar kalori 29 maimakon 48. Ka rage 19. Ragi ne, amma ƙosai ɗaya ya fi shi. Erythritol kusan ba shi da kalori, sai dai zaƙinsa bai kai na sukari ba. Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne biskit da cakulan. Mutum ya ga "babu sukari" sai ya cinye fakiti guda, alhali fulawa da mai suna nan yadda suke. Wannan yana damuna ƙwarai, domin kuɗi ne ya tafi, tumbi kuma yana nan.

Sai batun ciki. Hanji ba ya tsotse su duka. Ragowar tana gangarawa babban hanji, ta jawo ruwa, ƙwayoyin cikin hanji su yi ta cinta suna fitar da iska. Daga nan sai kumburin ciki, da ƙugi, wani lokaci har da gudawa. Sorbitol da maltitol sun fi yin haka, yara kuma sun fi saurin kamuwa. A fara da kaɗan.

Mai ciwon suga ya lura: maltitol yana ɗaga sukarin jini, ko da yake bai kai sukari ba. A 2023 wasu likitoci a Amurka suka gano cewa masu erythritol da yawa a jini sun fi fuskantar daskarewar jini da ciwon zuciya. Ana ci gaba da bincike, amma mai ciwon zuciya ya tambayi likita kafin ya mayar da shi abin shan kullum. Mai kare a gida kuwa ya ɓoye xylitol, yana kashe kare.

Aikin gida: kowa ya zo da kwalin cingam ko na man goge baki. Ku nemo kalma mai ƙarewa da "ol", ku rubuta ta sau uku a littafinku. Sannan ku ƙirga cokulan sukarin da kuka sha jiya daga safe zuwa dare, ku ninka da 16.