Babi na 7: Karanta tsinken gwajin kwalara a ruwa

Darasi na ɗaya

Iyayena da ƴan uwana, duk wanda aka taɓa tsaga wa yatsa a asibiti don gwajin masassara ya ga ƙanen wannan tsinke. Ƴar siririyar takarda ce, an shafa mata sinadarin garkuwar jiki, irin wanda jini ke yi don kama cuta. Sinadarin kamar mai gadi ne da ya san fuska ɗaya tak. Na wannan tsinke, ƙwayar kwalara ya sani, mai kawo amai da zawo, iri biyu: O1 da O139. In ta biyo ta gabansa sai ya cafke ta, jan layi ya fito.

Ruwan tafki ko na rijiya ba a tsoma masa tsinke haka nan, don ƙwayoyin ba su da yawa a ciki. Ma'aikacin lafiya zai tace shi, ya zuba abin da matacin ya tare a wani ruwan da ƙwayoyin ke hayayyafa, ya bar shi awa 6 ko fiye. Daga nan ne aikinku ya fara.

Darasi na biyu

A ɗiga ɗigo huɗu na ruwan da ma'aikacin ya shirya a ƴar kwalba. A tsoma gefen tsinken da kibiya ta nuna. A duba agogo, minti 15.

Yanzu ku kasa kunne. Layin sama ake fara dubawa. Sama ita ce wajen da yatsunku ke riƙe da tsinken. Layin nan shi ne shaidar tsinken na da rai. In bai fito ba, gwajin ya ɓaci, ko da layi biyu sun fito a ƙasa. A yar, a ɗauki sabo.

Kada ku ji kunya, kowa a nan yake tuntuɓe. Wata baiwar Allah daga Birni ta ga tsinke fari fat, ta yi hamdala, wai ruwa lafiya lau. Na ce, Hajiya, ina layin sama? Ta yi shiru. Tsinken ya sha zafin rana a jaka ya mutu.

Ku faɗa tare da ni: sama tukuna. Layin sama kaɗai, ba a ga kwalara ba. Na sama da wani a ƙasa, ko da dishi-dishi ne, akwai ta. Babu na sama, babu gwaji.

Haba jama'a! Sati uku muna kan wannan, har yau wasu ƙasa suke fara kallo. Ruwan da yaran Damagaram za su sha fa muke magana a kai. Sama tukuna.

Darasi na uku

In layi ya nuna akwai, a hana ɗiba, a sanar da asibiti ranar nan. Su za su tabbatar.

Darasi na huɗu

Tsinken bai san sauran ƙwayoyin zawo ba. Don haka ruwan ga-ruwa, ko tsinke bai nuna kwalara ba, a tafasa ko a jefa Aquatabs, ƙwayar tsarkake ruwa, a jira minti 30.