Yadda za ka tura katakon sassaƙa ƙasar waje ba tare da kwastam sun riƙe shi ba

Da farko dai ka san ainihin sunan icen, har sunansa na kimiyya, don kwastam ba ruwansu da "katako ne kawai". Wasu itatuwan kamar madobiya da dangin Dalbergia (waɗanda ake kira rosewood da Turanci) suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES (ta ƙasa da ƙasa kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu) tun 2017, in ba ka da takardar izini to ka haƙura kawai, ƙwacewa za su yi.

Sai ka ɓare ɓawon gaba ɗaya, ka tabbatar ya bushe sosai, sannan ka ɗaga shi a haske ka duba, in ka ga ƴan ƙananan ramuka da gari-gari yana zubowa to gara ko ƙwaro na ciki, wallahi kar ma ka saka shi a kwali. Ƙasashe irinsu Ostireliya da New Zealand ba sa wasa da wannan, za su iya ƙona shi.

Ka tambayi mai karɓa ko ƙasarsu na buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai, hukumar noma ce ke bayarwa.

Kwali za ka yi amfani da shi, akwatin katako yana da tasa dokar daban.

A gidan waya za ka cike fom ɗin kwastam CN22, ko kuma CN23 in kayan na da tsada, ka rubuta sunan icen, nauyi, ƙasar da ya fito da ainihin kuɗinsa, don Allah kar ka rage farashi wai don haraji, shi ke sa a riƙe kaya wata da watanni. Ka ajiye lambar bibiya da rasit.