Kurakuran da Sabbin Lauyoyi ke Yi a Intabiyun Neman Aiki

Duk wanda ya taɓa yawo da CV daga wannan ofishin lauyoyi zuwa wancan, a Abuja ko Legas ko Kano, ya san ba cancanta kaɗai ake dubawa ba. Akwai mai uwa a gindin murhu, akwai wanda sunan jami'arsa ya buɗe masa ƙofa, akwai kuma wanda sunansa kawai ya sa aka ture takardarsa gefe. Abin ba a nan ya tsaya ba. A Amurka, masu wani bincike da aka buga a 2016 sun aika takardun neman aiki na ƙirƙira zuwa ofisoshin lauyoyi 316, sakamakon karatu iri ɗaya, sai dai alamun da ke nuna ɗan masu hali ne ko ɗan talaka, namiji ko mace. Namijin da ya yi kama da ɗan masu hali aka fi kira, nesa ba kusa ba. Mace 'yar irin gidan nasa kuwa ba ta ci wannan gajiyar ba, don ana zaton aure da reno za su raba ta da aikin.

Son kai dai yana nan. Sai dai da yawanmu, idan an yi sa'a an kira mu, mu ne muke ƙarasa kayar da kanmu.

Babban kuskure shi ne shiga ɗakin intabiyu da kunyar gida. An tarbiyyantar da mu kada mu haɗa ido da babba, kuma yabon kai jahilci ne. Sai babban lauya ya ce a faɗa masa abin da aka iya, yaro ya sunkuyar da kai, murya can ƙasa, ya ce yana dai taɓawa. Shi mai tambayar ba ladabi ya gani ba. Abin da ke ransa shi ne, anya wannan zai iya tsayawa gaban alƙali? Gyaran ba cika baki ba ne. Ka ba da labarin aiki kawai: lokacin da Makarantar Horas da Lauyoyi ta tura ka kotu da ofishin lauya, wace takarda ka rubuta, wace shari'a ka bibiya, me aka yanke, me ka koya. Ɗaga kai, yi magana yadda na ƙarshen teburi zai ji.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu da suka karanta shari'ar Musulunci haɗe da ta Bature a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri suke ɓoye rabin iliminsu, kamar wani abin kunya. Alhali bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki tun 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk (takardun lamuni marasa kuɗin ruwa) na farko na naira biliyan 100 a 2017, kuma duk waɗannan lauyoyi ne suke tsara takardunsu. Wanda ya san murabaha (cinikin da ake bayyana ribarsa) da ijara (haya) da rabon gado yana da abin da sauran masu zaman jiran ba su da shi. Ka faɗe shi da kanka, kada ka jira a tambaye ka.

Ga mata kuma, tambayar nan ba ta ƙarewa: kin yi aure? Maigida zai bar ki ki kai dare a ofis? Wata ta fusata, wata ta shiga rantse-rantsen ba ta da niyyar aure yanzu. Duk biyun asara ne. Mayar da zancen kan aiki: ki ce kin san lokutan aikin, kin shirya musu, ga misalin lokacin da kika yi irinsa. Hijabi kuma ba abin neman afuwa ba ne. A Disamba 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda hijabinta, a Yuli 2018 aka rantsar da ita da shi a kanta.

Sai zuwa ba shiri. Ofishin da ke aikin kamfanoni zai taɓo maka dokar kamfanoni, wato CAMA ta 2020, mai aikin man fetur zai taɓo dokar masana'antar man fetur, wato PIA ta 2021. Ka san abin da suke yi kafin ka taka ƙofarsu. Idan wani babba ne ya yi maka hanya, kada ka riƙa jefa sunansa cikin kowace amsa. Ya riga ya yi nasa.

In kuma an fito ƙarara an ce saboda addininka, ƙabilarka ko jinsinki ne, kada a yi cacar baki a wurin. Da fitowa a rubuta ranar, wanda ya faɗa, da ainihin kalmominsa. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana irin wannan bambanci, sashe na 254C kuma ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙorafin wariya a harkar aiki.