Kurakuran da aka fi yi wajen shirin doguwar tafiyar keke ta neman gudummawa

Idan ƙungiyar matasa ta yi niyyar taka keke daga Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru domin tara wa gidan marayu kuɗi ko gina rijiyar burtsatse, tafiyar kimanin kilomita 200 ce ke gabanta, kuma yawancin masu sarewa a irin wannan hanya ba ƙarfin ƙafa suke rasawa ba. Sirdi da ciki da rana ne ke kayar da su, alhali su ne abubuwan da aka fi mantawa da su lokacin atisaye.

Kuskuren farko shi ne gaggawa. Mutum zai yi shekaru bai wuce kasuwa da kekensa ba, sai zumuɗi ya ɗebe shi ya yi kilomita 70 a Lahadin farko, ya kwana uku gwiwa na zugi. Mai wannan tafiya yana bukatar makonni 10 zuwa 12, yana fita sau uku ko huɗu a mako, yana ƙara nisan da bai wuce kashi 10 cikin 100 na makon jiya ba, kuma da saurin da zai iya hira da abokin tafiyarsa ba tare da haki ba. Wanda ke dawowa gida kullum a galabaice tsere yake yi, ba shiri ba.

Wanda ya fi wannan illa shi ne rashin gwada kwana biyu a jere. Nisan Garwa da Marwa ga mai koyo aikin yini biyu ne, kuma safiya ta biyu ita ce zakaran gwajin dafi, lokacin da cinya ta sandare, mazaunai kuma suka ƙi yarda da sirdi. A watan ƙarshe ya kamata a yi doguwar fita ranar Asabar, a sake wata ranar Lahadi, domin jiki ya saba da tashi da gajiyar jiya. Mako guda kafin tafiya kuwa sai a rage nisa sosai a huta, domin abin da ba a samu cikin wata biyu ba, ba za a same shi cikin kwana biyar ba.

Sirdi ya cancanci a tsaya a kansa. Da yawa daga cikinmu mun saba da sauke shi ƙasa domin ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa a tsaye, wanda ya dace da zirga-zirgar cikin gari, amma a doguwar hanya shi ke cinye gwiwa. Gwajin mai sauƙi ne: a zauna a kan sirdi, a ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa, idan ƙafa ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi. Wasu kuma suna naɗa soso ko tsumma a kan sirdi suna zaton taushi ne magani, sai tsumman ya jiƙe da gumi ya goge fata har ta saɓule. Wando mai laushi marar kaurin ɗinki a tsakiya ya fi amfani, kuma kada a kuskura a sa sabon sirdi ko sabon takalmi ranar tashi. Haka nan taka giya mai nauyi don a nuna ƙarfi ɓarna ce. Giya mai sauƙi da juya feda sau 80 zuwa 90 a minti ita ke kai mutum yamma, musamman ga masu nufin Ngaundere, inda doguwar hawan tsauni da ake kira falez ke jiransu bayan sun riga sun gaji.

Game da ci da sha, kuskuren shi ne jiran yunwa da ƙishirwa. Abin da tsoka ta ajiye na kuzari yakan ƙare cikin kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi, daga nan sai jiri da rawar hannu. Dabino kaɗan ko ayaba kowane minti 40 sun wadatar, a bar tuwo da nama sai an sauka. A zafin Garwa na Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, mutum na iya zubar da fiye da lita ɗaya ta gumi a awa, kuma gishiri na fita tare da shi, shi ya sa ruwa zalla bai isa ba. A zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, a riƙa kurɓa. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa, kuma wanda ya fara ruɗewa ko maganarsa ta sauya, a sauke shi a inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi asibiti nan take. A ganina, masu shiri su zaɓi Disamba ko Janairu, su tashi bayan sallar asuba, su kuma duba kalanda kada atisaye mai tsanani ya faɗa cikin azumi.

Saura keken kansa. Abin kunya ne mahayi ya kasa yin faci, domin tsakanin garuruwa ba kullum ake samun mai gyara ba. Kowa ya riƙe tiyub, famfo, gam da sifana, a duba birki da kaca mako biyu kafin tafiya, a sa hular kwano. Hanyar ta manyan motocin da ke zuwa Kusseri da Njamena ce, don haka a yi atisayen tafiya a layi ɗaya a gefen dama, a samu motar rakiya, a kuma sanar da hukuma da jandarma tun kafin a buga takardun neman gudummawa.